'Yar Talla Mai Ƙafa Huɗu

Ana gobe kasuwar Babura, a makon ƙarshe na hutun makaranta, cikin bazarar shekarar da nake aji biyar na firamare, na shigo lungunmu da rana tsaka ina tafe ina taƙama kamar wadda ta ciyo gasar karatu. Ƙasa ta ɗauki zafi har yana ratso silifas ɗina, gumi ya jiƙa mini hijabi, amma ko a jikina. A hammatata akwai ƙunshin da na tabbata babu yarinyar da za a aika ta zaɓo wanda ya fi shi. Kakana na wajen uba, wanda duk unguwa ke kira Tsoho Kafinta, yana zaune a bakin zaure ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ga alluna biyu na katako jingine da bango kusa da shi, fentinsu sai ƙyalli yake yi. Na durƙusa na ajiye masa ƙunshin, na ce, "Ga fatarka nan guda biyu, da kaina na zaɓa." Ya kwance, ya ɗaga yankan fatar shanu guda biyu masu kauri, ya juya su gaba da baya, har da shinshinawa. Ya dube ni, ya dubi fatar, ya sake dubana. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ta da sauti da farko, kafaɗu kawai ke rawa, har hularsa ta zame ta faɗa cikin dusar katako. Ni kuwa ina nan durƙushe, ban san abin da na yi ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin dariyar. Gidanmu yana can cikin lungu, ba nisa da titin da ya ratsa gari ya nufi kan iyakar Nijar, amma wanda ke kan titi ba zai taɓa sanin akwai gida a wurin ba, don katangar wani shago ta tare. Baba yana tafiya ci-rani kudu da an gama girbi, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka, saboda haka rabin shekara wainar Inna ce ke riƙe da gidan. Daga cikinta ake cefane, daga cikinta ake sayen sabulu da littafin rubutu. Ni ce mai kai niƙan shinkafa inji da yamma, ni ce mai ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, ni ce mai kakkarya kara in tara a gindin murhu, in zuba wa awaki dusa, sannan in tsere waje a yi 'yar gala-gala har a kira magariba. Da asuba ƙarar tanda ce ke tashina, da ƙamshin ƙullun da ya kwana ya tashi yana haɗuwa da mai. Har yau idan na ji wannan ƙamshi a ko'ina sai na waiwaya.

Tallar kuwa ta Yaya Hajara ce. Ita ke ɗora babban farantin a ka, kwanon miyar taushe a hannu, ta nufi tasha. Allah ya ba ta murya, idan ta ce a sayi waina da zafinta, daga tsakar gida muna jiyowa. A wannan hutun aka ɗaura mata aure da wani tela da ta daɗe tana so, aka kai ta Roni, muka sha biki har muryata ta dishe. Da 'yan biki suka watse, aka share gida, sai na lura da farantin talla rataye a bangon madafa, shi kaɗai, yana kallona.

Ni kuwa ina son makaranta so na haƙiƙa, ba na ɓoyewa. Rubutuna ya fi na kowa kyau a ajinmu, wannan ma ba na ɓoyewa, don malamarmu ni take miƙa wa alli kullum in rubuta kwanan wata a allo, in tsaya in ja layi a ƙasansa a hankali don kowa ya gani. Kuma na san abin da tallar safe take yi wa yarinya. Waina daga asuba zuwa hantsi ake cinikinta, daidai lokacin da ake buga ƙararrawa. Na ga ƙawayena da suka fara. Da farko sukan zo a makare su sha bulala a bakin ƙofa, hannunsu yana warin mai. Daga baya sai a gan su yau, gobe babu. Kafin zango ya ƙare wata ta zauna a gurbinsu a benci, sai dai mu haɗu a tasha su kau da kai. Da na faɗa wa Inna haka ina kumbura baki, ba ta yi mini faɗa ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ba makarantarki na ƙi ba, Kuluwa. Waina ce ba ta da ƙafa, sai an kai ta."

Na kwashi kukana na kai ƙara zaure. Tsakanina da Tsoho wasan jika da kaka ne tun ban iya magana ba. Shi yana kirana uwargida, kullum yana ƙorafin ban kawo masa tuwo ba, ni kuma ina ce masa me zan yi da tsohon da goro ma sai an daka masa. Amma duk abin da ya dame ni wurinsa nake kaiwa. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Damagaram, can ya koyi aikin kafinta, ya dawo da akwatin kayan aiki da kuma bakin mutanen can. Makaranta lakwal yake ce mata, babbar mota kuwa kamyo, mu yara muna bin sa muna kwaikwayo yana korarmu da sanda. Ya saurare ni har na gama, ya sosa gemu, ya ce, "Waina ba ta da ƙafa? To ai ƙafa aikinmu ne. Tebur ma da ba ya zuwa ko'ina huɗu muke yi masa."

Dabararsa ita ce a yi allo mai tsayuwa da ƙafafunsa a bakin lungu, mai fuska biyu, ɗaya tana kallon masu zuwa daga kudu, ɗaya tana kallon masu fitowa daga kan iyaka. A haɗe su ta sama yadda zai buɗe ya tsaya, ya kuma rufe in ɗauke shi da hannu ɗaya. Maimakon a kai wa mutane waina, allon ya kirawo su. Tunda maza ba sa shiga cikin gida, shi zai zauna a zaure ya riƙa sayarwa, Inna tana miƙo kwano ta bayan labule. Da ya kira Inna ya faɗa mata, ta durƙusa can nesa kanta a ƙasa, ta ce, "To, Baba." Suruka ba ta musu da uban miji. Amma da muka koma ciki ta ja ni gefe ta gindaya mini sharaɗi: za a gwada ranar kasuwa. Idan ƙullu ya ƙare a zaure, faranti ya ci gaba da zama a bango. Idan ya yi kwantai, ranar komawa makaranta faranti yana kaina.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan makon ba. Tsoho ya sa aka ciro tsohon ƙyauren ɗakin ajiya wanda gara ta cinye gindinsa, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya raba sauran gida biyu. Abin mamaki, hannun nan nasa da ke karkarwa idan ya riƙe kofin shayi, da ya kama zarto sai ya tsaya cak. Aikina in hau kan katakon in zauna don kada ya motsa, ina jin zarton yana kaɗa ni har cikin haƙora, ina ƙyalƙyala dariya. Ƙafafu huɗu daga katakon wani karyayyen gado ya fitar da su, kuma bai auna da komai ba sai karan dawa guda da ya yi wa alama da farce. Ya ba ni samfefa in goge fuskar allunan. Don ɗoki na riƙa dirza da ƙarfi har ina haki, ya leƙo ya ce, "Uwargida, goge shi kike yi ko dambe kuke yi?" Da yamma hancina da girata duk sun yi fari da dusar katako, Inna ta ce in je in wanke kafin awaki su ɗauka abincinsu ne.

Maƙwabcinmu ya ba mu ragowar shuɗin fentin da ya shafa wa ƙofarsa, muka shafe allunan, mai shago kuma ya sammana farin fenti a murfin gwangwani. Buroshin rubutu asuwaki ne da Tsoho ya ce in tauna bakinsa har ya yi laushi, tunda shi ba shi da abin taunawa. Fuskar kudu tawa ce, da boko. Fuskar arewa tasa ce, da ajami, don ya ce fataken da ke fitowa daga can sun fi saurin karanta shi. A nan muka yi gardama ta gaske. Ni na ce a rubuta waina a duka biyun, shi ya ce sam, a tasa fuskar masa zai rubuta, don haka mutanen can suke kiranta. "Wanda ya fito daga Magarya in ya ga waina sai ya tsaya tunani," in ji shi, "mota kuwa ba ta jiran mai tunani." A ƙasa ya ƙara cewa ana karɓar sefa, kuɗin mutanen can. Kafin a sa fenti na fara zana komai da gawayi, har da kibiya mai nuna hanya, na yi ta a duka allunan tana kallon dama. Sai Tsoho ya jingina su baya da baya ya ce in zagaya in gani. Na zagaya. Kibiya ɗaya tana nuna lungunmu, ɗayar tana nuna tsallaken titi. Ya ce, "Madalla, rabin masu cin wainar Innarki kin tura su wurin mai faci." Na goge na gyara ina ƙunƙuni. Amma da fenti ya hau, haruffana suka fito farare tas a kan shuɗi, sai da na kira duk yaran lungu suka zo suka gani.

Ana gobe kasuwa komai ya bushe, saura a haɗe allunan ta sama. Tsoho ya ce, "Saura fata. Je ki sayo mini fata biyu, masu kauri, kamar tsawon tafin hannuna. Ki buɗe ki rufe, ki ji ba sa gardama." Inna ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da za ta iya cirewa daga jarinta, ta ce in kula, babu wani bayansa. Na shiga kasuwa, na wuce ta gaban rumfar masu kayan gini, inda aka rataye sakata da kwaɗo da ƙusoshi iri-iri, ko kallonsu ban yi ba. Kai tsaye na nufi rumfar dukawa. Wani dattijon baduku yana ɗinkin kube ya tambaye ni ta takalmi nake so ko ta laya. Na ce ta allo. Ya ɗago kai ya ce ko gafaka nake nufi. Na ce a'a, Tsoho Kafinta ne ya aiko ni. Ya ce to, shi ya san abin da yake nufi, ya baje mini fatu a gabana. Na zauna na yi zaɓe kamar mai zaɓen kayan ɗaki. Jar fatar akuya ta fi kyau, raina ya biya, amma ta cika laushi. Ta tunkiya da na ja sai na ji kamar za ta yage. Ta shanu kuwa na lanƙwasa ta na buɗe, na sake lanƙwasawa, har da sa haƙori, ba ta yi gardama ba kuma ba ta nuna alama ba. Baduku ya yanka mini guda biyu daidai, ya ƙara mini da siririn yankin jar nan gyara, don ya ga yadda nake satar kallonta.

Wannan shi ne ƙunshin da na ajiye a gaban Tsoho. Da ya samu numfashinsa ya dawo, yana share hawaye da bakin riga, ya ce, "Pata na ce, uwargida, pata!" Na ce ai ita na kawo. Ya ce, "Me na ce yanzu?" Na ce, "Fata!" Dariya ta sake kayar da shi. Da ƙyar ya miƙa sanda ya taɓa ƙarfen nan mai fiffike biyu da ke riƙe da ƙyauren zaure, ya ce wannan yake nufi. Na ce wannan ai hinji ne. Ya ce mu ne muke ce masa hinji, su a inda ya koyi aiki pata suke cewa. To, bakin Bahaushe dama bai damu da raba pa da fa ba, balle bakin da babu haƙori ko ɗaya a gaba.

Shi yana dariya, ni kuwa ina kallon fatar. Fatar da aka riga aka yanka ba a mayar da ita. Inna ta ce babu wani bayansa. Gobe kasuwa. Na leƙa cikin gida, ashe Inna ta ji komai ta bayan labule. Sai na ga ta miƙa hannu ta sauko da farantin nan daga bango, ta zauna bakin rariya ta fara dirza shi da toka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma zaure na haɗa kai da gwiwa na fashe da kuka mai sauti.

Kukan ne ya tsayar da dariyar Tsoho. Sai na ji ƙarar fata yana lanƙwasa ta yana buɗewa. Can ya ce, "Wa ya zaɓi wannan?" Na ce ni, ban ɗago ba. Ya ce, "Kin iya zaɓe. Tashi ki samo mini marafan kwalbar lemo." Ya ce maigidansa da ya koya masa aiki a Damagaram, kafin ƙarfe ya yawaita, da fata yake haɗa murfin akwati, kuma shi da kansa ya manta da haka sai yau. Na ruga wurin mai shago na tsinto marafai cike da hijabina. Ya tsoma fatar a ruwa ta ɗan saki, ya huda ta da basilla, ya bubbuge marafan da guduma suka baje, ya huda tsakiyarsu. Kowace ƙusa sai ta bi ta cikin murfi kafin ta ratsa fata ta shiga katako, don kada kanta ya yaga fatar idan an ja. Ya ce ƙusar da za ta yi hulɗa da jama'a dole a sa mata hula. Ina riƙe masa, hawaye bai gama bushewa ba, ina dariya.

Saura abin da zai riƙe ƙafafun ta ƙasa don kada allon ya baje. Ya ajiye mini abu biyu, tsohuwar sarƙar keke da igiyar rama da ya tufka da kansa, ya ce tunda ni zan riƙa ɗauka kullum, ni zan zaɓa. Na zaɓi sarƙa mana, wa zai bar ƙarfe ya ɗauki igiya? Ya ɗaura ta na wucin gadi ya ce in zagaya zaure da shi. Kafin in dawo ta doke ni a ƙwauri ta kuma shafa mini baƙin mai a zani. Na ce a sa igiyar. Siririyar jar fatar nan ta gyara ya lanƙwasa ta ya kafa a tsakiya ta zama mariƙi. A ƙarshe ya shafe duk fatar da man darbejiya mai ɗaci, don awakin unguwarmu ba su da ta ido. Da la'asar allon ya tsaya a tsakiyar zaure da ƙafafunsa huɗu, kamar mutum ya ɗan buɗe ƙafa yana jiran a yi masa magana. Na rufe shi na buɗe, na rufe na buɗe, ko ƙis bai yi ba. Tsoho ya ce, "Ga ƙanwarki nan, ita za ta yi tallar."

Washegari rana ba ta gama fitowa ba na kai shi bakin lungu na kafa, na koma gindin katanga na laɓe ina leƙe. Titi ya cika. Amalanken shanu ɗauke da buhunan gero, masu babur da kaji a rataye, garken tumaki, motocin haya har da mutane a kan kaya. Kowa ya wuce abinsa. Wani ya kalla ya kau da kai, wani jaki ya tsaya ya shinshina fatar ya yi atishawa ya wuce. Maƙwabta 'yan ƙalilan da suka saba aikowa sun aiko, shi ke nan. Hantsi ya fara ɗagawa. Na ruga gida na leƙa, waina ta taru a kwando an rufe da mayafi, Inna ta janye kara daga murhu, farantin nan kuwa yana jingine a ƙofar madafa, ya sha wanki yana walƙiya. Tsoho yana jan carbi, bai tsokane ni ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na koma bakin titi.

Ina isa sai ga guguwa ta taso daga filin tasha, ta kwaso ledoji da karmami tana juyi, ta tsallako titi kamar an aiko ta. Ta ɗaga allon sama ta maka shi a gefen kwalta. Na dafe kai na ce shi ke nan. Daga baya Tsoho ya ce da ƙarfe ne a jikin wannan tsohon katako, da ƙusoshin sun tsage shi. Amma fata ce, sai kawai ya rufe kamar littafi ya kwanta, fuskar ajami tana sama. Wata motar haya da ta fito daga kan iyaka, cike maƙil, ta taka birki har fasinjoji suka yi salati. Direban ya diro yana faɗa, wani dogo mai rawani, ya cafki jan mariƙin zai wurgar da shi gefe. Yana ɗagawa allon ya buɗe da kansa, igiya ta miƙe, ya dire a kan ƙafafunsa. Mutumin ya tsaya. Na ga leɓɓansa suna motsi yana karantawa. Ya shafa fatar da marafan kwalbar da babban yatsa, ya yi murmushi, ya waiwayo ya gan ni. "Yarinya, ina gidan masar?" Na nuna masa lungunmu da hannu. Ya buga jikin motar ya ce, "Ku sauko a karya kumallo, tun asuba muke tafe!"

Ban san lokacin da na isa gida ba, silifas ɗaya a ƙafa ɗaya a titi. Zaure ya cika har waje, matan cikin motar suka shige wurin Inna suna sallama, aka mayar da kara murhu, tanda ta dawo da kukanta. Tsoho ya manta da ciwon ƙafa, yana zuba miya yana hira da su da bakin can, naira a aljihu, sefa a ƙarƙashin hula. Ni ina kai kwano ina dawo da kwano kamar an kunna ni. Wata motar ta ga ta farko a tsaye a bakin lungu, ita ma ta tsaya ta ga abin da ake rabawa. Kafin rana ta take, na ji ƙarar ludayi yana kankare gindin roba. Ƙullu ya ƙare.

Da mutane suka watse na tsaya a tsakar gida ina jiran Inna ta yi magana. Ta wanke hannu, ta ɗauki farantin nan, ta juye barkono a kai ta baza, ta miƙa shi kan rufin madafa ya sha rana. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Je ki wanke kayan makarantarki, sabulu yana kan taga." Na ga gefen bakinta yana motsi. Ranar na yi wanki ina waƙa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Tun daga nan, kullum da safe jakar littattafai a kafaɗa, allo a hannu, in kafa shi a bakin lungu in wuce makaranta, in an tashi in ɗauko shi mu dawo tare. Ba kullum ƙullu ke ƙarewa ba, akwai ranakun da mu muke cinye ragowar da dare har mu gaji da ita, amma faranti bai sake hawa kan kowa ba. Direbobi suka sa wa gidanmu suna gidan allo mai fata. Da Baba ya dawo da damina ya ce zai sayo hinji na gaske a sa, ni da Tsoho muka haɗa baki muka ce a bar mana kayanmu. Duk wanda ya zauna a zauren nan sai ya ji labarin aiken, kuma kullum Tsoho sai ya ƙara masa gishiri, har ya kai ga cewa da bijimin sa guda na dawo ina ja.

Yanzu ina koyar da Hausa a wata makaranta a Kazaure. Titin Babura ya cika da allunan da inji ke bugawa a kan leda, masu hoton abinci da lambar waya, a yi odarsu da safe a karɓa da yamma, rana ta cinye launinsu kafin shekara. 'Yar Yaya Hajara ma waina take yi, amma a waya take tallarta, ko ƙofar gida ba ta fita. Ban ce zamaninmu ya fi ba, nata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai babu wanda ya zauna a kan katakonta ana yanka shi yana dariya. Tsoho ya rasu shekarar da na shiga kwaleji, Allah ya jiƙansa. Inna ta ajiye tanda saboda gwiwa. Zuwana gida na ƙarshe na tarar da allon a bayan madafa an tare bakin akurkin kaji da shi. Fuskata ta boko ta koɗe, da ƙyar ake gane kibiyar. Tasa da ke kallon cikin akurki tana nan ana karantawa. Na ɗaga shi ta jan mariƙin da ya koma baƙi, fatar ta bushe ta yi tauri, amma ta buɗe, ya tsaya. Na daɗe a tsugune a gabansa, kewar tsohon nan ta cika mini ƙirji, sannan na tambayi Inna ko akwai man darbejiya a gidan.

Duk shekara akwai darasin da nake yi wa ɗalibai a kan kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma ma'anarsu daban. Nakan ɗauki alli in rubuta fatar jiki, in rubuta fatan alheri, in ja layi a ƙasansu a hankali yadda na saba. Yara su kwafa, su ɗauka shi ke nan. Ta ukun ba na rubuta ta a allo, wannan tawa ce ni da Tsoho.